Waiwaye: Kafin a Murza Makulli

Duk wanda ya yi wayo a shekarun da Fijo 504 ke mulkin titunan ƙasar nan zai tuna yadda safiya take a harabar ma'aikatun gwamnati da tashoshin mota. Tun kafin ma'aikata su fara isowa, motoci na jere, kowace an ɗage mata bonet, direbobi sun sunkuya a kai da tsumma a kafaɗa. Wannan na zare ƙarfen awon baƙin mai yana gogewa, wancan na leƙa bakin lagireto, wani ya durƙusa yana duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Babu wanda ke kiran wannan gyara. Gyara aikin bakanike ne. Wannan kuwa aikin direba ne, kuma wanda ya murza makulli bai yi shi ba, ko a cikin 'yan'uwansa direbobi ba a ɗaukarsa cikakke.

Motar da ake wa wannan hidima ta gida ce. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, shekarar da Volkswagen ma ya fara nasa a Legas. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati, daga nan ta bazu ko'ina: ta ofis, ta haya, fikof mai kai kaya kasuwannin ƙauye, da wagon mai layin kujeru uku da ke jigila tsakanin manyan garuruwa. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa da ta ƙirƙiro ta ta daɗe da barinta. Kowane gari akwai bakaniken da ya san cikinta, kuma mai ita ma ya san rabin abin da bakaniken ya sani.

Ba na so mu ɗora wa mutanen wancan zamani hikimar da ta fi tamu. Motar ce ta hore su. Mota mai kafireto da kwantak ba ta da haƙuri. Fanbel ya yi sako-sako, batir ya daina caji. Ruwan batir ya ja baya, da safe sai turi. Fulogi ya yi datti, tun daga ƙofar gida za ka ji tana tari. Lagireto kuwa kullum sai an ƙara masa ruwa. Kowane ɗan sakaci yana da hukuncinsa nan take, kuma hukuncin ƙarami ne: ka makara ofis, yaran unguwa su tura ka, ka sha kunya. Mutum ya sha wannan sau biyu sau uku, babu mai sake yi masa wa'azin buɗe bonet.

Ga kuma hanyar da ake bi a zama direba. Yaron mota yakan yi shekaru yana wanki, yana ɗebo ruwa, yana dirowa ya sa weji idan an tsaya a hawa, yana kwance taya yana ɗaurawa, kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari. Ranar da zai fara tuƙi, hannunsa ya riga ya san kowane noti. Dubawar safe ba darasi ba ce da aka ware masa, a cikinta ya tashi.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, Naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai hankali ya koma kan motocin da Turai da Amurka suka gama mora, waɗanda ake saukewa a Legas da Kwatano. Gaskiya motocin nan sun fi na da inganci. Kwamfuta ke auna man da inji ke sha, batir a rufe yake ba a ƙara masa ruwa, kuma mota na iya wata shida ba a ɗaga bonet ba tana tashi bugu ɗaya. A daidai wannan lokaci masu tuƙa kansu suka yi yawa, malamai da 'yan kasuwa da matan aure da ɗalibai, waɗanda mafi yawansu a filin ƙwallo suka koya cikin 'yan makonni. An koya musu giya da ribas, ba a nuna musu inda ake duba mai ba.

A nan al'adar ta yanke, kuma ta yanke ne a lokacin da aka fi bukatarta. Motar da ke hannun yawancinmu ta yi shekara goma ko fiye a wata ƙasa kafin ta iso. Robobinta sun tsufa, tiyoyinta sun bushe, an kawo ta inda zafin Afrilu a Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kuma tana gudun da 504 ba ta taɓa mafarkinsa ba. Ba ta ƙorafi a kan ƙananan abubuwa. Sai ta yi shiru ta yi ta jurewa, ranar da za ta gaza kuma ta gaza gaba ɗaya, a tsakiyar daji, da iyali a ciki.

Abin da nake son mai mota ya gane shi ne, akwai aikin da babu bakaniken da zai yi masa, komai gwanintarsa. Bakanike ba ya ganin mota sai ta riga ta lalace. Kai ne kake ganinta kullum. Makiyayi da ya zagaya garkensa da asuba yakan gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga tsayuwarta, ba don ya fi likitan dabbobi ilimi ba, sai don ya san yadda take tsayuwa jiya. Idon mai mota ke nan. Wanda ya saba ganin ruwa a kan wani layi kowane mako, shi kaɗai zai lura ranar da ya sauka.

Bari in fara da ruwan, domin shi ya fi kashe injuna a ƙasar nan. Motocin yanzu suna da 'yar tankin roba a gefen lagireto, mai layi biyu, na sama da na ƙasa. Da safe, inji na sanyi, kallo ɗaya ya isa a ga ko ruwan yana tsakanin layukan. Mota mai lafiya ba ta shan ruwa. Idan kana ƙari kowane mako, to wani wuri na yoyo: tiyo, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto da robarsa ta mutu. Murfin nan da ake rainawa shi ke matse ruwan har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Abin da ake zubawa ma yana da muhimmanci. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa su toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Kulant, ruwan nan mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa kuma yana jinkirta tafasa. Kan injin motocin zamani na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, gasket ya ƙone. Idan allurar zafi ta haura, a tsaya a kashe. Kada a buɗe murfi sai inji ya huce sosai. Mutane da yawa na yawo da tabon ƙuna a fuska da hannu saboda gaggawar minti biyar.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejinmu, wadda nake roƙon masu mota su daina amincewa da ita. Da mota ta iso, sai a ce, “Yallaɓai, a cire tamostat, don ƙasar sanyi aka yi shi,” a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wanda ya je aikin Hajji ya ga irin motocinmu a titunan Makka da Madina, cikin zafin da ya kai namu ko ya fi, kuma da tamostat ɗinsu aka ƙera su. An tsara inji ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan an hana shi kaiwa nan, kwamfuta na ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan asara ce da ake ji a aljihu. Mota mai zafi tana da dalilinta, lagireto ne ya toshe ko fanka ta mutu ko famfo ya gaji, kuma cire tamostat ɓoye dalilin ne kawai.

Baƙin mai bai kai ruwa wahalar dubawa ba. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe, a ba ta 'yan mintoci man ya koma ƙasa. A zare ƙarfen awo, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarewa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama, a yawancin ƙananan motoci, wajen lita ɗaya ne. Wuce alamar sama ma illa ne. Baƙin launi ba shi ne abin tsoro ba, aikin man ke nan ya kwashe datti. Abin tsoro shi ne a ga ya koma launin shayi mai madara, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Nau'in man da injin ke bukata sau da yawa yana rubuce a kan murfin da ake zubawa. Injin da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20 yana da ƙananan hanyoyin da mai kauri irin 20W-50, wanda ya dace da tsofaffin Fijo, ba ya saurin ratsawa, musamman a tashin farko. Ranar juye a tsaya a ga an buɗe galan a gabanka, an canza filta, sannan a rubuta kwanan wata da kilomita a ɗan littafi a ajiye cikin mota. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan lissafi.

Taya ce ta fi damuna, domin lalacewar inji asarar kuɗi ce, fashewar taya a guje kuwa asarar rai ce. Da muna ƙera taya a ƙasar nan. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma hannun masu shigowa da ita daga waje, sabuwa da tsohuwa. Tsohuwar, wadda ake kira tayar Beljiyam, ta zama gatan talaka, kuma ban ga laifin wanda aljihunsa bai kai sabuwa ba. Amma ko tsohuwa za ka saya, akwai abin da ya kamata ka iya karantawa. A gefen taya akwai haruffan DOT, a ƙarshen layin kuma lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 3518, an ƙera ta a mako na 35 na 2018. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba; tayar da ke da zane raɗau tana iya zama busasshiya a ciki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Kamfanonin ƙera ta suna ba da fiye da haka, Michelin alal misali yana cewa bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, a shekara goma kuma a yar ko da ba ta cinye ba. A irin zafinmu da ramukan hanyoyinmu, ni ina ganin kusantar ƙaramin adadin ya fi aminci. A kuma lura da alamar dutse mai kawuna uku da ƙanƙara a ciki. Wannan tayar lokacin sanyi ce ta Turai, robarta mai taushi ce, kwalta mai zafi cinye ta take yi. Araha ba ta ado.

Sai iska. Yawancinmu mai faci muke bar wa hukunci, shi kuma sau da yawa sai ya kai 45 ko 50, don an saba ɗauka taya mai tauri ita ce lafiyayya, wani lokacin ma gejinsa ya daɗe da lalacewa. Adadin da ya dace ba a jikin taya yake ba. Lambar da ke jikinta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Adadin motarka yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, riƙon hanya ya ragu, rami ya fi saurin fasa ta. Iska ta yi kaɗan kuwa, haɗarin ya fi girma: gefen tayar na lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, zafi na taruwa, har zaren cikinta ya rabu da roba. Tafiyar awa uku daga Kano zuwa Kaduna da rana tsaka, da kaya cike da but, ta isa ta kai irin wannan taya ƙarshenta. Ana auna iska ne da safe kafin a yi tafiya. Bayan tafiya adadin yakan hau saboda zafi, kuma kuskure ne a sace iskar a lokacin. Gejin aljihu bai kai kuɗin 'yan litocin fetur ba, kuma ina ganin babu kayan mota da ya fi shi biyan kuɗinsa.

Yayin da ka durƙusa kana aunawa, ka shafa tayar da hannu. A cikin ramukan zanenta akwai 'yan tuddai na roba da aka sa da gangan. Idan zanen ya cinye ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, wa'adinta ya cika, kuma a ruwan sama ba za ta riƙe ka ba. Idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, ƙafar motar na bukatar alaimen. Idan ka ji ƙulu a gefe, zaren ciki ya tsinke, babu facin da zai gyara wannan, ko mayar da ita baya ba dabara ba ce. Safaya ma taya ce. Mutane nawa ne suka buɗe but a bakin hanya cikin dare suka tarar ba iska, ko jak ɗin an ara ba a dawo da shi ba?

Birki yana ba da labarinsa ga mai saurare. Ka tayar da mota, ka taka, ka riƙe. Idan ƙafarka na nutsewa a hankali, motar nan gareji za ta, ba kasuwa ba. Robar man birki tana da layukanta ita ma. Sauka a hankali cikin watanni alama ce ta fad na cinyewa. Sauka cikin kwanaki yoyo ne, kuma ƙari ba magani ba ne. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake so a canza shi wajen duk shekara biyu. Wanda ya tsufa yana iya tafasa a doguwar gangara, irin ta Hawan Kibo idan an sauko daga Jos, feda ta tafi ƙasa ba ta kama komai ba. Masu zuba ruwan sabulu a maimakonsa, musamman a motocin haya, da rayukan bayin Allah suke wasa, kuma fasinjan da ya gani ya yi shiru bai kyauta wa kansa ba.

Sauran abubuwan ba sa cin lokaci. Filtar iska a hunturu takan toshe da wuri, a ciro ta a ɗaga wa rana, idan haske ba ya ratsawa a canza. Robar waifa rani ke ƙona ta, kuma galibi ba a tunawa sai ruwan farko ya sauko ana kan hanya. Kan batir idan ya yi farin gari a wanke a ɗaure. Fitilu kuwa, ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina hagu da dama. Mota mai ido ɗaya da dare mai tahowa babur yake zaton ta, ya ba ta hanyar babur.

Fitilun gaban direba su ne suka maye gurbin tarin da tsohuwar mota ke yi, amma mun koyi toshe musu baki. An sha ganin motar da aka liƙe fitilar inji da baƙin salatif, ko aka cire ƙwanta kafin a sayar. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka murza makulli kafin inji ya tashi, duka fitilun ya kamata su kama, sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an taɓa ta. Fitila mai ruwan ɗorawa na nufin a kai a duba ba da jimawa ba. Ja na nufin a tsaya. Jar fitila mai siffar butar mai ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take mai ya daina zagayawa, kuma inji a wannan hali ba ya kai ka gari na gaba.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma daga 2003 ta fara tilasta ɗaura bel. Alƙalumanta sun nuna mutanen da suka rasu a hanyoyin Najeriya sun haura 5,000 a 2023, haka ma a 2024. Gudu ne kan gaba a dalilan da take lissafawa, amma fashewar taya da tsinkewar birki ba sa ɓacewa daga jerin. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muka mayar da kayan kariya kayan nuna wa jami'i. Ana sayen abin kashe gobara don kada a ci tara, ya shekara biyar a ƙarƙashin kujera ba a taɓa duba allurarsa ba. Alamar nan mai kusurwa uku tana but, amma idan mota ta mutu a hanya ganye ake karyowa a zuba, a tafi a bar shi. Jami'in da ke bakin titi ba zai auna maka iska ba, ba zai san ruwanka ya sauka ba, kuma ba shi ne zai hau motar ba.

Idan haɗari ya auku mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma na yi imani babu mai wuce kwanansa. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa dogaro ga Allah yana ɗauke wa mutum nauyin abin da aka damƙa masa ba. Wanda ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa, ko fasinja goma sha takwas, a kan tayar da ya san tana da ƙulu, amana ce ya yi wa riƙon sakainar kashi. Addu'ar tafiya da muke yi idan mun zauna a mota tana da matsayinta, zagaya motar kafin a zauna ma yana da nasa.

Ba na kiran a koma buɗe bonet kowace safiya; motar yanzu ba ta bukatar haka. Zagaye ɗaya da ido kullum kafin a shiga, a dubi tayoyi da ƙasan mota, sai kuma rana ɗaya a mako, Asabar ko safiyar Juma'a, a ba ta minti goma: ruwa, baƙin mai, man birki, iska, fitilu. Kafin doguwar tafiya, musamman ta Sallah da hanyoyi ke cika, a yi wannan kwana biyu kafin ranar, don idan an ga matsala a sami lokacin gyara ba a cikin gaggawa ba. Tun da tsarin yaron mota ba zai dawo wa masu ƙananan motoci ba, gida ne ya rage ya ɗauki aikin. Duk wanda zai karɓi makullin motarka, ɗanka ne ko 'yarka, uwargida ko ƙaninka, ka tsaya da shi a gaban bonet, ka sa ya zare ƙarfen awo da hannunsa, ya nuna maka layin ruwa, ya karanta maka shekarar taya. Makarantun koyon tuƙi ma ya kamata su mayar da wannan darasin ranar farko, kuma masu gwaji kafin a ba da lasisi su riƙa tambayarsa.